Wuni ɗaya a tsibiri: kurakuran da ke sa jirgin ruwa ya tafi ya bar mutum

Na gaji da ganin abu ɗaya duk yammacin da babban jirgin ruwan yawon shaƙatawa zai bar tashar wani tsibiri. Ana ta kiran sunaye a lasifika, ma'aikata sun tsaya kan igiyoyi, can sai ka hango mutane suna sheƙa gudu da ledojin tsaraba. Kusan kullum sababbin shiga ne, kuma abin da ke kada su bai wuce biyu ba.

Na farko agogo. A irin wannan tafiya lokaci biyu ne, akwai na jirgi, akwai na gari, kuma ba kullum suke haɗuwa ba. Da zarar wayarka ta kama sabis ɗin tsibirin, da kanta za ta koma lokacin gari ba tare da ta tambaye ka ba. Ɗauki tsibirin Kozumel na ƙasar Meziko. Tun 2015 jihar da yake ciki ta tsaya kan lokaci ɗaya duk shekara, alhali jihar Filorida ta Amurka tana tura agogonta gaba da awa ɗaya daga Maris zuwa farkon Nuwamba. Jirgin da ya taso daga birnin Mayami na Filorida a wannan tsakani, idan kyaftin bai sauya agogo ba, yana gaban gari da awa guda cur. Kana zaune bakin teku wayarka na nuna 3:30, hankalinka kwance, a jirgi kuwa 4:30 ta yi an fara janye tsani. Wasu jiragen suna bin lokacin gari, wasu ba sa bi, don haka kada ka yi zato. Karanta takardar shirin wuni da ake ajiye maka a ɗaki.

Ni abin da nake yi: agogon hannu mai allura, na saita shi da na jirgi kafin in taka ƙasa, sannan in ɗauki hoton allon da ke bakin ƙofar fita. Lura kuma, lokacin da aka rubuta a allon na komawar fasinja ne, yawanci rabin awa kafin tashi. A wuraren da jirgi ba ya matsowa gaɓa, kamar Jojtawun na tsibirin Girand Keman, inda yake jefa anga a nesa ana jigilar mutane da ƙananan jirage, na ƙarshen yakan tashi tun kafin haka, ga layi har waje. Ina dawowa tasha da saura awa ɗaya da rabi. Wasu na cewa asarar lokaci ce. Su suka sani.

Na biyu shi ne wanda ya fi ƙona mini rai, domin ya taɓa cin kuɗina da mutuncina. Mutum ya ga yawon da kamfanin jirgi ke sayarwa ya yi tsada, sai ya fito ya yi ciniki da direban tasi a bakin tasha. Wannan ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi daɗi. Amma ka san abin da ka sayar da wannan rangwamen. Idan motar yawon da ka biya ta hannun jirgi ta makara, jirgi zai jira ko kamfani ya ɗauki nauyin sada ka da shi. Idan da kanka ka fita, babu mai jiranka. Jirgin nan ba motar haya ba ce da kwandasta zai bubbuga a dakata wa fasinja.

Ni wani direba mai daɗin baki ne ya kai mu can ƙarshen tsibiri, yana ta cewa minti arba'in ne dawowa. Hanya ɗaya ce tal, aka tsuge da ruwa, wata babbar mota ta kafe a tsakiya. Muka iso muna kallon bayan jirgi. Kuɗin otal, kuɗin jirgin sama zuwa tasha ta gaba, zirga-zirga a ofishin shige da fice, duk daga aljihuna, ga iyalin da aka bari a jirgi cikin tashin hankali.

To don Allah, me zai sa ka bar wuri mafi nisa ya zama na ƙarshe? Fara da nesa tun da safe, ka riƙa matsowa, sayayya ta zama a kusa da tasha inda kana iya ganin jirgi da idonka. Kuma ta yaya za ka sauka ba ka da lambar wakilin jirgi na wannan tasha? Tana nan a takardar shirin wuni, mutane na jefar da ita. Idan aka bar ka, shi ne uwa shi ne uba, kuma galibi hannunsa ma'aikata ke miƙa fasfon da ka bari a akwatin ajiya na ɗaki. Masu cewa a bar fasfo a jirgi suna da hujjarsu, amma ni nawa yana jikina cikin jakar da ruwa ba ya shiga, tare da katin banki da maganin kwana biyu. Duba ma tun daga gida ko fasfonka na buƙatar biza a kowace ƙasa da jirgi zai tsaya, domin shiga ƙasa ta sama dokarsa daban da sauka daga jirgin ruwa na wuni ɗaya.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata wuni. Kada ka sa tufafi mai rodi-rodi irin na soja: a Barbados da Jamaika doka ta hana farar hula sa su. Kada ka sauko da 'ya'yan itace daga wurin cin abinci na jirgi, tashoshi da yawa suna ƙwacewa, wasu har da tara. A Bahamas, Barbados da Jamaika hannun hagu ake tuƙi, ka duba dama kafin ka tsallaka titi. Ku gama maganar kuɗin tasi kafin ka shiga, ka tambaya na mutum ɗaya ne ko na mota, kuma da kuɗin wace ƙasa. Lemon da ake rabawa kyauta a yawon kwale-kwale a Karibiyan sau da yawa da barasa a ciki, ka tambaya kafin ka kurɓa.

A bakin tekun Karibiyan akwai wata bishiya mai 'ya'ya kamar ƙananan tuffa, a wasu wurare ana shafa mata jan fenti. Guba ce, kada ka ci, kada ka fake ƙarƙashinta in ana ruwa, domin ruwan da ya ɗigo daga ganyenta yana ƙona fata.

Rana kuma kada ka raina ta don kai baƙi ne ko don iskar teku na kaɗawa. Sha ruwa, sa hula, shafa man kariya. In za ka yi iyo kusa da murjani, wato halittun nan masu kama da dutse da ke ƙarƙashin teku, duba irin man da ka saya, domin Hawai da tsibiran Bajin na Amurka sun hana wasu sinadaran man da ke lalata murjanin. Da ka koma jirgi, kashe data kafin a bar gaɓa, don wayar kan koma kan sabis ɗin jirgi na tauraron ɗan'adam, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.