Yadda na gyara kek ɗin Mama da ke lotsawa a tsakiya

Tun ina ƙarama nake riƙe wa Mama kwano tana bugun bota da sukari, amma da kofinta take awo, ba ta taɓa rubuta komai ba. Da na fara yi ni kaɗai, sai kek ɗin ya tashi sannan ya lotsa. Ashe kofinta ƙarami ne, a nawa sukari da bota sun rinjayi ƙwai.

Sai na koma sikeli. Na auna ƙwai 4 da ɓawonsu, na sa fulawa, bota da sukari kowanne daidai wannan nauyin, bekin foda cokalin shayi 2. Zafi digiri 180. Oben kuwa ba na buɗe shi kafin minti 30, don iska mai sanyi kan kwantar da kek tun cikinsa bai kama ba.