Yadda ake horar da yarinya gudun tsallake shinge: darasi daga tafarkin Tobi Amusan

Ranar 24 ga Yulin 2022, a birnin Yujin na jihar Oregon a Amurka, Tobi Amusan ta kammala gudun tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12 a zagayen kusa da na ƙarshe, inda ta karya tarihin duniya na daƙiƙa 12.20 da Kendra Harrison ta kafa a 2016. A wannan rana kuma ta lashe zagayen ƙarshe, ta zama mutum na farko daga Najeriya da ya ci lambar zinare a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya. Malamin wasanni ko mahaifin da yake son yarinya ta bi wannan sawu ya kamata ya fara fahimtar abu guda, wato wannan wasa gudu ne tsagwaronsa da aka gitta wa shingaye, saboda haka duk horon da zai mai da yarinya gwanar tsalle sama ɓata lokaci ne.

A fara da gudu, kuma kada a yi gaggawar kawo shinge. An haifi Amusan a Ijebu Ode ta jihar Ogun a 1997, kuma lambar azurfar da ta ci a gasar matasan Afirka a Warri a 2013 ta gudun mita 200 ce, wanda ke nuna cewa da saurinta ta iso wurin shinge. Yarinya mai shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu tana buƙatar gajerun gudu na mita 30 zuwa 60 da iyakar ƙarfinta, tare da cikakken hutu tsakanin kowane gudu da na gaba, domin idan ta gaji jikinta gudun gajiya zai koya. Zagaya fili sau goma da wasu malamai suke sa yara yana gina juriya, amma ba ya ƙara saurin da ake nema a nan.

Daga nan sai mai horarwa ya haddace ma'aunin filin, domin komai a kansa aka gina shi. Shingaye goma ne, tsayin kowanne santimita 83.8 ga manya, 76.2 ga 'yan ƙasa da shekara 18. Daga layin tashi zuwa shinge na farko mita 13 ne, tsakanin shinge da shinge mita 8.5, daga na ƙarshe zuwa layin kammalawa mita 10.5. Yawancin 'yan wasa taku takwas suke yi kafin shinge na farko, sannan taku uku tsakanin kowane shinge biyu. Wannan taku uku shi ne ƙashin bayan wasan, kuma a nan ne aka fi kuskure, domin ana ɗora wa ƙaramar yarinya tazarar manya, sai ta riƙa miƙa ƙafa tana dogon taku ko ta koma taku biyar, dukansu kuwa ɗabi'u ne masu wuyar kankarewa. Maganin abin shi ne a rage tsayi a kuma matso da shingayen, a fara da kwalaye ko siririn kara da aka ɗora a kan gwangwanaye, a tazarar mita shida da rabi ko bakwai, har sai kunne ya ji saukar ƙafafunta tana tafiya daidai kamar kiɗan kalangu. Sai ta riƙe wannan kiɗa da sauri kafin a ƙara tazara, kaɗan-kaɗan. Idan an samu shingen gaske, a kula kada ta taɓa tsallake shi ta baya, domin an ƙera ƙafafunsa ne yadda zai kife ta gefe ɗaya kawai, wanda ya fuskance shi ta ɗaya gefen kuwa yana iya karyewa.

Ƙetarewar kanta tana buƙatar a dube ta kusa. Yarinya tana tashi ne daga kimanin mita biyu kafin shinge, ta sauka kimanin mita ɗaya bayansa. Ƙafar da ke shiga gaba gwiwa ce take jagorantarta, sai ƙafar ta miƙe a saman shingen, ƙirji ya ɗan sunkuya, hannun ɗaya ɓangaren ya miƙa gaba ba tare da ya gitta jiki ba, sannan ta danno ƙafar ƙasa da hanzari ta sauka a kan tafin gaba. Ƙafar baya kuwa ana lanƙwasa ta a buɗe ta gefe, yatsu a ɗage, a jawo gwiwa ta bi ta ƙarƙashin hammata har ta dawo gaba sosai. Wannan ƙafa ita ce ta fi ba masu koyo wahala, don haka a sa yarinya ta dafa bango tana zagayo da ita a kan gefen shinge, ta maimaita a kowane zaman horo. Wani ƙaramin abu da ake mantawa shi ne, mai yin taku takwas dole ta sa ƙafar da take shiga da ita gaba a matokarin baya (abin da ake tokare ƙafa da shi a layin tashi) lokacin tashi, in ba haka ba za ta isa shinge da ƙafar da ba ita ba. Wayar hannu ta isa a ɗauki bidiyo daga gefe a duba a hankali, musamman daga shinge na bakwai, inda gajiya ke sa ƙugu ya zauna, ƙafar baya ta fara dukan katako.

Gasa ita ce ke nuna ko horo ya kama, kuma a bi ta hawa-hawa, daga wasannin makarantu zuwa na jiha, zuwa gasannin Hukumar Guje-guje ta Najeriya. A 2015 Amusan ta ci zinare a gasar matasan Afirka a Adis Ababa da kuma wasannin Afirka a Birazabil, sai a 2016 ta samu gurbin karatu a Jami'ar Texas da ke El Paso, inda Lacena Golding-Clarke 'yar Jamaika ta horar da ita, ta lashe gasar jami'o'in Amurka a 2017. Irin wannan gurbi yana buƙatar sakamakon jarrabawa mai kyau, don haka iyayen da ke tsoron wasa zai cinye karatu su sani cewa takardar sakandare na cikin kayan aikin. Yana kuma buƙatar lokacin gudu da na'ura ta auna tare da ma'aunin iska, domin ba a karɓar tarihi idan iskar da ke tura ɗan wasa ta wuce mita biyu a daƙiƙa. Daƙiƙa 12.06 da Amusan ta yi a zagayen ƙarshe a Yujin ba ta shiga kundin tarihi ba saboda iska ta kai 2.5.

Mai horarwa ya shirya wa shekarun da lamba za ta riƙa kuɓucewa. Amusan ta zo ta huɗu a gasar duniya a Doha a 2019, ta sake zuwa ta huɗu a Olamfik na Tokyo a 2021, amma bayan 'yan makonni ta yi daƙiƙa 12.42 a Zurik, ta goge tarihin Afirka na 12.44 da Glory Alozie ta riƙe tun 1998. A ganina, wanda ya duba agogo a lokacin ya san tana matsowa, don haka rubuta lokutan yarinya a littafi ya fi ƙirga lambobinta amfani.

Idan ta kai matakin ƙasa da ƙasa, akwai dokar gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari. Manyan 'yan wasa suna sanar da inda za a same su na awa ɗaya a kowace rana, kuma idan masu gwaji suka neme su ba su same su ba, ko suka kasa sanar da inda suke yadda ya kamata, har sau uku cikin wata goma sha biyu, hakan yana iya jawo dakatarwa har ta shekara biyu. An dakatar da Amusan na wucin gadi a Yulin 2023 bisa wannan zargi, aka wanke ta a watan Agusta, sannan kotun wasanni ta duniya ta yi watsi da ƙarar da aka ɗaukaka a 2024. Tun yarinya tana ƙarama a saba mata da nuna wa likitan wasanni duk maganin da za ta sha, na kemis ne ko na gargajiya, domin dokar tana ɗora alhakin abin da aka samu a jiki a kan 'yar wasan kanta.