Babi na 6: Kwana a tanti lokacin ɗari

Sannunku da ƙoƙari, ƴan uwa. Wanda ya iso wannan babi ya riga ya iya haɗa baƙi da wasali, kada tsawon shafin ya ba shi tsoro. A karanta layi ɗaya, a huta, a koma.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ke busowa daga arewa maso gabas. A Janairu sanyin dare a Damagaram kan sauka ƙasa da digiri 15, a daji kuwa ya fi haka cizo. A cikinmu akwai masu kwana da iyali a lambu wajen Mirya ko Gidimuni, akwai matafiya hanyar Tanut zuwa Agadas, akwai kuma waɗanda ruwan daminar 2024 ya rusa wa ɗaki suka koma tanti. Babin nan naku ne.

Darasi na 1: Gawayi

Mu fara da kalmar. Ga-wa-yi. Gaɓa uku. A rubuta ta a allo sau uku.

Yanzu ga jimlar da nake so kowa ya haddace: Gawayi ba ya kwana cikin tanti.

A sake karantawa. Gawayi ba ya kwana cikin tanti.

Me ya sa? Idan gawayi na ci a wurin da iska ba ta shiga sosai, yana fitar da wata iskar guba, likitoci na ce mata kabon monoksid. Ba ta da launi. Ba ta da wari. Ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. In ta shiga huhu sai ta kama jini, kamun da ya fi na iskar da muke rayuwa da ita ƙarfi fiye da sau 200. Mai barci ba ya jin komai, barcin ne kawai ke ƙara nauyi har ya kasa tashi.

A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka mu tsaya. Duk ajin da na koyar da wannan darasi, sai wata baiwar Allah ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, ai mu sai hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja, sannan muke shigar da kaskon." Hajiya, na san da kyakkyawar niyya kike yi, don yara kada su ji sanyi. Amma hayaƙi daban, gubar daban. Garwashin da ya yi ja, babu hayaƙi ko kaɗan, yana nan yana fitar da ita. Ko an rufe shi da toka yana fitarwa. Ko ɗan kaskon turaren wuta ne. Ko murhun shayin da samari suka gama hira da shi ne. Ko don mai jego ne, har ma ita da jaririnta sun fi kowa shiga haɗari, su da mai ciki da tsofaffi.

To, yaya za a yi? Ga shi daki-daki.

A hura wuta a waje, nesa da tanti kamar taku biyar, a gefen da iska ba za ta kai tartsatsi kan leda ba. A dafa abinci a waje. A ji ɗumi a waje. In an tashi kwanciya, a kashe wutar da ruwa ko rairayi. A shiga tanti hannu sake, babu kasko.

Wa zai faɗa mini mataki na ƙarshe? Babu kasko. Madalla.

Kuma kada a toshe tanti ruf. A bar ƴar kafa a sama, wadda hannu zai iya shiga, ko da sanyi ya tsananta.

Na faɗi wannan a aji uku a jere, amma ran nan na ji wani magidanci na cewa kakanninmu sun kwana da wuta ba abin da ya same su. Malam, bukkar kara ce suke kwana, iska na ratsa ta ta ko'ina. Tantin leda ba ya numfashi. Wannan ba maganar gardama ba ce, ran ƴaƴanka ne a hannunka. Wanda ya karanta shafin nan ya koma ya shigar da garwashi, ba rashin sani ba ne kuma, ganganci ne.

Aiki: a rubuta jimlar nan sau biyar. Gawayi ba ya kwana cikin tanti.

Darasi na 2: In guba ta kama mutum

Alamunta: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala. In mutum biyu ko uku sun tashi da ciwon kai lokaci guda a tanti ɗaya, kada a tsaya cewa zazzaɓi ne. A buɗe tanti, a fitar da kowa waje, a garzaya asibiti ko a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Kada a ɗura wa wanda ya suma nono ko ruwa, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa.

Darasi na 3: Shimfiɗa da sutura

Ƙasa ta fi iska shan ɗumin jiki. A fara shimfiɗa kwali ko buhu ko busasshiyar ciyawa, sannan tabarma, sannan bargo. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri. Hula da safa ga yara. Rigar da ta jiƙe da gumi a cire ta. Kada bargo ya rufe fuskar jariri.

A zuba ruwan ɗumi a gora, a rufe da kyau, a naɗe da zane, a ajiye wajen ƙafafu. Shi ne madadin kaskon.

Darasi na 4: Haske da ƙofa

Tocila a ciki. Kyandir da fitilar kananzir a waje. Ƙofar tanti ta juya wa iskar arewa baya.

Darasi na 5: Abinci

A sha kunu mai zafi kafin a kwanta.

Aiki: a rubuta kalmomin nan: tanti, bargo, tocila, gawayi.