Tayar motar gudu a ƙasar ƙanƙara: yadda ake ajiye ta, da abin da mai saye a Kano zai duba

A Kano ruwa ba ya daskarewa a randa, ko a tsakiyar hunturu. Amma motocin da ke sauka daga tirela a garin nan, da yawansu sun kwana a filin gwanjo a arewacin Amurka ko Kanada cikin watan Janairu, kuma 'yan'uwanmu da ke karatu ko kasuwanci a Mosko, Toronto da biranen Jamus suna tuƙi a can. Duk wanda ke da alaƙa da mota irin su BMW M, Mercedes AMG, Mustang ko Camaro ya kamata ya san halin tayar da ke ƙarƙashinta.

Waɗannan motoci galibi suna fitowa daga kamfani da tayar lokacin zafi, irin su Michelin Pilot Sport, Pirelli P Zero da Continental SportContact. An haɗa robarsu ne don ta yi laushi ta manne wa kwalta idan ta ɗauki zafi. Shi ya sa take riƙe kwana da birki fiye da taya ta gama-gari. Wannan haɗin kuma shi ne rauninta. Ka ɗauki cingam ka sa a firiza, ka fito da shi ka lanƙwasa: ba zai miƙe ba, karyewa zai yi. Haka robar nan take. Daga wajen digiri 7 a ma'aunin salshiyas zuwa ƙasa ta fara tauri, riƙonta ya ragu ko da titi a bushe yake. Idan sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, ta yi taurin da in aka matsa mata sai ta tsage.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Sanyin shi kaɗai ba kasafai yake fasa tayar ba. Abin da ke fasa ta shi ne motsa ta alhali tana daskare: a tuƙa motar, ko a tura ta 'yan taku kaɗan, ko a jefo tayar daga bayan mota ta daki siminti, ko mai faci ya ɗora ta a inji ya danna gefenta. Tsagar takan fito a cikin kwarin zanen da kuma kafaɗar tayar, wani lokaci har ƙananan gutsattsarin roba su ɓalle. Ba a yi mata faci, ba ta kuma komawa daidai idan gari ya yi ɗumi.

Don haka idan taya ta riga ta sha irin wannan sanyi, kada a taɓa ta da ƙarfi. Umarnin da kamfanin General Motors ya ba dillalansa a fili yake: a bar ta a wuri mai ɗumi da bai gaza digiri 5 ba, na aƙalla awa 24, kafin a ɗaura ta ko a tuƙa motar. A hankali za ta dawo. Kada a jingina ta da hita, kada a hura mata iska mai zafi, kada a kwara mata tafasasshen ruwa, domin bayan zai yi zafi ciki yana nan a sandare. Bayan sanyin ya sake ta, a haska fitila cikin kowane kwari a duba kafin a ɗora mata nauyi.

Wanda ke zaune a can, hanyar tsira ɗaya ce: ya mallaki tayoyi kashi biyu. Da zarar safiya ta fara wayewa ƙasa da digiri 7 a kai a kai, a sauke na zafi a ɗaura na sanyi, duka huɗu. Ɗaura biyu kawai yana sa gaba da baya su saɓa wajen riƙo, motar ta juya da mutum a kwana. Tayar sanyi ta gaskiya tana da tambarin dutse mai kawuna uku da ɗigon dusar ƙanƙara a cikinsa. Harafin M+S da ke jikin wasu tayoyi, mai nufin laka da dusar ƙanƙara, shi kaɗai bai kai wannan daraja ba. A lardin Kwibek na Kanada doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a Rasha daga Disamba zuwa Fabrairu, a Jamus kuwa duk ranar da titi ke da ƙanƙara. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa motarka tana ja da ƙafa huɗu. Wannan yana taimakon tashi ne, ba ya taimakon tsayawa.

Ajiya kuma ga yadda ake yin ta. Kafin a kwance, a rubuta wa kowace taya mazauninta da alli: gaba dama, baya hagu, da sauransu, saboda da yawa daga motocin nan tayar baya ta fi ta gaba faɗi, wasu tayoyin kuma suna da kibiya da ke nuna ɓangaren da za su juya. A wanke da ruwa da sabulu, a cire tsakuwar da ta maƙale, a bari ta bushe sarai. Ba a shafa mata man sa ƙyalli. Sai a sa kowace a babbar baƙar leda, a matse iskar, a ɗaure bakin. Wurin ajiya ya zama cikin gini, mai duhu, marar laima, wanda sanyinsa ba ya kaiwa ga daskarewa. Garejin da ba a ɗumama shi ba ya wadatar a ƙasashen nan. Ɗakin ƙasa ko sito na cikin gida ya fi.

Tayar da ke kan wilinta ana iya kwantar da ita a jera ɗaya kan ɗaya, ko a rataye ta ta wilin. Wadda babu wili a tsaye ake ajiye ta a kan katako, ana ɗan juya ta sau ɗaya a wata, kuma ba a rataye ta don za ta karkace. A nisanta su da fetur, gas, baƙin mai, injin walda da duk wani injin lantarki mai tartsatsi, domin iskar ozon da yake fitarwa tana tsufar da roba. Wannan gargaɗi ya shafi masu shaguna a Kano kai tsaye, inda ake yawan tara taya kusa da janareta, ko a baje ta a rana tun safe har la'asar.

Idan motar ce gaba ɗaya za ta yi watanni a tsaye, a ɗaga ta a kan matsayai na ƙarfe ko a ɗaura mata wasu tsofaffin ƙafafu, in ba haka ba gefen da ke ƙasa zai baje, sitiyari ya riƙa rawa.

Iska ma tana bin yanayi. Duk saukar digiri 5 zuwa 6, gejin iskar taya yakan ragu da kusan PSI 1, wato lamba ɗaya a ma'aunin iskar. Wannan kam har a nan ana gani: fitilar gargaɗin iskar taya da ke gaban direba takan kunna da asubar hunturu. A auna da safe kafin a yi tafiya, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba babbar lambar da ke jikin taya ba, wadda iyaka ce kawai.

Mai sayen mota 'yar Kwatano, ko taya a Ƙofar Ruwa, ya durƙusa ya karanta gefen tayar da idonsa. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a wurin su ne mako da shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya. A karya sitiyari har ƙarshe don kafaɗar ciki ta bayyana, a bi kwarin zanen da fitilar waya. Tsagar tsufa ƙanana ce barkatai a gefe, kamar kaushin ƙafa. Tsagar sanyi ta fi tsawo, tana bin kwarin ko gindin zanen, kuma takan bayyana a tayar da zanenta sabo ne fil. Idan ka ga haka, ka cire kuɗin sababbin tayoyi daga cinikin, komai daɗin bakin dillali.

Akwai kuma akasin matsalar, wadda ta fi yawa a titunanmu. Tayoyin sanyi masu tambarin dutsen nan suna shigowa da yawa, kuma zanensu mai zurfi yana jan ido. Robarsu tana da laushi ƙwarai, an yi ta don ƙanƙara. A kan hanyar Zariya ko ta Wudil cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana cinyewa da sauri, birki ya yi tsawo, motar ta riƙa lilo a kwana. Duba harafin gudu a ƙarshen lambar girmanta: T kilomita 190 ne a awa, H 210, V 240, W 270, Y 300. Wanda ke jikin tayar kada ya gaza wanda kamfanin motar ya rubuta a littafinta.