Kurakuran da aka fi yi wajen rina furotin na siliyar kogunan ƙwaƙwalwa

Bangon kogunan nan huɗu na cikin ƙwaƙwalwa, inda ruwan ƙwaƙwalwa ke gudana, lulluɓe yake da layi ɗaya na ƙwayoyin halitta da ake kira ifendaima. A ɓera kowace ƙwaya tana ɗauke da ƙananan gashi masu motsi wajen guda 50, wato siliya, suna kaɗawa tare suna tura ruwan da ke kusa da bango. Ana gano furotin ɗin da ke cikinsu ne da antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki da ke manne wa furotin takamaimai, da rini mai ƙyalli. Sai dai sau da yawa in ka ji an ce siliya ta ɓace, hannun mai aikin ne ya ɓatar da ita.

A fara da shekarun dabbar. Ɓera ba ya zuwa duniya da cikakkiyar siliyar nan. Ƙwayoyin suna kammala girma ne a makonni biyu zuwa uku na farko bayan haihuwa, kuma ba lokaci ɗaya ba a duk bangon. Wanda ya gwada ɗan kwana 5 da ɗan kwana 10 zai ga bambanci ko da duka lafiyarsu ƙalau. A gwada 'yan ciki ɗaya, a kuma ɗauki hoto a wuri ɗaya na bangon.

Sai fiɗa. Yankan sanyi mai kaurin maikiromita 10 yana datse gashin, tunda tsawonsu ma kusan haka yake. Ya fi kyau a ciro bangon gefe na kogon ɗungurungum, a janye ɓangaren ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas da tsumman jijiyoyin da ke samar da ruwan, a kalli bangon ta fuskarsa. Kada bakin hantsaki ya taɓa wannan fuskar, kada kuma a bar ta ta bushe ko na ɗan lokaci. In ka ga fili babu gashi mai gefe a miƙe kamar an ja layi, aikin hantsaki ne.

Wajen kafe naman, abin da aka saba shi ne sinadarin kafe nama PFA kashi 4 cikin 100 da sabulun Triton X-100 kashi 0.1, a kwana a digiri 4. Wannan yana riƙe fatar siliya, don haka ARL13B, furotin da ke jikin wannan fatar, ke fitowa da kyau. Amma gama-tubulin da ke nuna gindin siliya yakan yi duhu bayan PFA ta daɗe. Ya fi son metanol mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na minti 10, shi kuma metanol yana wanke kitsen fata. Mafita mai sauƙi: ƙwaƙwalwa ɓari biyu gare ta, a sa ɗaya a PFA, ɗaya a metanol.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne dogaro da rinin furotin tubulin mai asetil shi kaɗai. Gaskiya yana haska sandar tsakiyar siliya sosai, amma ba siliya ce kaɗai ke da shi ba. Zarurrukan jijiya ma suna da shi, kuma akwai waɗanda ke ratsawa a kan bangon kogon. Zare mai haske ba ya zama siliya sai an ga ɗigon gama-tubulin a gindinsa ko ARL13B a jikinsa. A nan wani tarkon yake. Antibodin da aka fi amfani da su, 6-11B-1 na tubulin mai asetil da GTU-88 na gama-tubulin, duk a jikin ɓera aka samar da su. In aka bi su da antibodi na biyu, wato mai ɗauke da rinin, mai kama kowane IgG (nau'in antibodi) na ɓera, launi ɗaya za su fito, gindi da sanda su haɗe. 6-11B-1 IgG2b ne, GTU-88 kuma IgG1, saboda haka a nemi antibodi na biyu mai bambance su. Tunda naman ma na ɓera ne, ragowar jini a jijiyoyi zai haska. A wanke jinin da ruwan gishiri na PBS ta zuciya kafin a kafe, a kuma ajiye yanki ɗaya da ba a sa masa antibodi na farko ba. Duk abin da ya haska a wannan yankin, ba shi kake nema ba.

Ba kowace ƙwaya a bangon ce mai gashi da yawa ba. A bangon gefe akwai ƙwayoyin B1, masu haifar da sabbin ƙwayoyin jijiya, da ke leƙowa da gajeren gashi guda ɗaya a tsakiyar da'irar ifendaima, tsarin da ɗakin binciken Arturo Alvarez-Buylla ya bayyana a 2008. Akwai masu gashi biyu. A ƙasan kogo na uku kuma ƙwayoyin da ake kira tanisait ne, masu gashi ɗaya ko biyu. Mai ƙidaya da bai rina furotin beta-katenin da ke nuna iyakar ƙwayoyin ba zai lissafa waɗannan a matsayin marasa lafiya. FOXJ1 kuwa, furotin da ke ba da umarnin ƙera siliya masu motsi, a cibiyar ƙwaya yake zama. In ya fito a gashi, a tuhumi antibodin.

Ganin gashi a tsaye bai nuna yana aiki ba. Ɓeran da ya rasa DNAH5, ɗaya daga injinan dainin na waje, wato furotin da ke kaɗa siliya, yana da siliya amma motsinta ya lalace, kuma ruwa na taruwa a kansa. Rashin Hydin, furotin da ke manne da bututu biyu na tsakiyar siliya, yana ɓata salon kaɗawar. Rinin tubulin ba zai nuna ko ɗaya ba, domin kaurin siliya wajen maikiromita 0.25 ne, daidai iyakar abin da madubin haske ke iya rarrabewa. Tsarin ciki sai madubin lantarki. Motsi kuma sai bidiyo a kan ɗanyen nama a digiri 37, don sanyin ɗaki yana rage gudun. Gashin na kaɗawa sau gommai a daƙiƙa, kyamara mai hoto 30 a daƙiƙa ƙarya za ta ba ka. A nemi mai 200 zuwa sama.

Saura fassarar sakamako. In kogo ya kumbura da ruwa, bangon na miƙewa, ifendaima na zubewa. Rashin siliya a irin wannan ƙwaƙwalwa zai iya zama abin da kumburin ya jawo, don haka a duba dabbar tun kafin kogon ya buɗe. A rubuta jinsin ɓeran ma, domin C57BL/6 ya fi wasu saurin tara ruwa a kai. Kuma a yi hattara wajen ɗora sakamakon ɓera a kan mutum: yawancin masu ciwon gado na rashin motsin siliya ba sa samun taruwar ruwa a kai. An fi ganinta a masu lahani a FOXJ1 ko MCIDAS ko CCNO, inda ƙera gashin kansa ne ya gaza.