Yadda nake gwada wuƙar aljihu mai naɗewa kafin in saya

Akwai tabo a manunin hannuna na dama. Wuƙa ce ta yi min shi, irin baƙar nan wuluk mai naɗewa da ake tallatawa a matsayin ta sojoji. Ina yanka wani kwali mai kauri, na ɗan murɗa hannu, sai makullin da ke riƙe ruwan a buɗe ya saki, ruwan wuƙar ya rufo a kan yatsana. Tun daga ranar, idan aka miƙo min irin wannan wuƙa, makullinta nake fara dubawa.

Ga yadda nake yi. Buɗe ta har ka ji ta ce ƙas. Riƙe mariƙin, amma ka kawar da yatsunka daga hanyar da kaifin zai bi in ya rufo. Kama bayan ruwan da ɗaya hannun, ka motsa shi hagu da dama, sannan sama da ƙasa. In yana rawa hagu da dama, yawanci notin tsakiya ne ya saki, ɗaurewa kawai yake so. In kuwa sama da ƙasa yake motsi, makullin ne ba shi da kirki, ka ajiye ta komai kyanta.

Yawancin waɗannan wuƙaƙe da wani siririn ƙarfe ake kulle su, wanda ke cikin mariƙi, ya tsallako ya tokare gindin ruwan. Michael Walker, maƙerin wuƙaƙe a Amurka, shi ya inganta wannan dabara a 1980. Leƙa ciki ka ga inda ƙarfen ya tsaya. Ni na fi son ya shiga kamar sulusi zuwa rabin kaurin gindin. In baki kawai ya lasa, zai zame. In ya wuce har ya taɓa ɗaya ɓangaren, ya riga ya cinye, ba sauran wurin da zai ƙara kamawa.

Sai buɗewa da hannu ɗaya, wanda a ganina shi ne babban amfanin wannan wuƙa. Kana riƙe da igiya a hannun hagu, dama ta zaro wuƙa, babban yatsa ya tura, ka yanka, ka mayar. Kamfanin Spyderco ne ya fito da rami a jikin ruwa, inda babban yatsa ke turawa, da maƙalin aljihu a 1981. Gwada buɗe ta sau goma a jere. In tana cijewa, ko kuma tana faɗowa da kanta idan ka girgiza ta a rufe, kada ka sa ta a aljihu.

Game da ƙarfe, galibi ana rubuta sunansa a gindin ruwa. 8Cr13MoV da AUS-8 suna saurin dakushewa, amma suna da sauƙin wasawa. D2 yana daɗewa da kaifi, sai dai gumi na sa shi tsatsa. Wanda na fi so don aikin kullum shi ne 14C28N da kamfanin Sandvik na Suwidin ya ƙirƙiro, ba ya yawan tsatsa kuma yana ɗaukar kaifi sosai. Wuƙar da ba a faɗi sunan ƙarfenta ba, ina kaffa-kaffa da ita.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne kauri. Ruwa mai kaurin milimita 4 ko 5 yana burge ido, amma sa shi a kwali ka ga yadda yake tsagawa maimakon yankawa. Kusan milimita 3 ya wadatar, tsawo kuma santimita 7 zuwa 9. Haƙoran zarto da ake yi wa rabin kaifi suna cin igiya da kyau, amma wasa su wahala ne, kuma suna cinye daidai wurin da ake fere abu da shi. Ni kaifi miƙaƙƙe nake ɗauka.

Kula da ita ba wuya. Ina kakkaɓe auduga da ƙurar aljihu daga cikin mariƙi da tsohon buroshin haƙori, domin su ne ke hana makulli shiga daidai. Ɗigon mai guda a notin tsakiya ya isa. Wajen wasawa, ina kwantar da ruwan a kan dutse kamar digiri 20 kowane gefe, in gwada a kan takarda. In ta tsaga ta ba gargada, shi ke nan.

Ka binciki dokar inda kake kafin ka fara yawo da ita. A Ingila, misali, ba a yarda mutum ya fita da wuƙa mai makulli ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. In za ka hau jirgin sama, sa ta cikin babban akwatin da ake aunawa, kada ta kwana a jakar hannu.

Kada ka ɓamɓare murfi ko ka kwance noti da tsininta, nan ne ya fi ko'ina rauni. Ni ƙaramar sukudireba nake ratayawa tare da makullan ƙofata don wannan aikin.