Ku jawo kaya jikinku kafin ku ɗaga

'Yan uwa, ga shawara kan ɗaga kaya masu nauyi. Kowa ya san maganar a durƙusa, kada a sunkuya, amma a ganina abin da ya fi muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin kayan da jikinku.

Tsokokin da ke riƙe baya suna manne da ƙashin baya, tazararsu daga tsakiyar ƙashin ba ta wuce santimita 5 zuwa 6 ba. In ka miƙa hannu ka ɗauki kwali daga nesa, dole su ja da ƙarfi ninkin-ba-ninkin nauyin kwalin, wannan ƙarfin kuwa kan faifan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan baya na wajen ƙugu yake sauka.

A 1999, wani mai bincike, Hans-Joachim Wilke, da abokan aikinsa a Jamus sun auna matsin cikin faifan a jikin mutum mai rai. Da mutumin ya ɗaga kilo 20 a sunkuye, matsin ya ninka na ɗagawa kusa da jiki fiye da sau biyu.

Don haka ku matso har kayan ya shiga tsakanin ƙafafunku, ku rungume shi, sannan ku miƙe. In za ku juya, ku taka ƙafa ku juya gaba ɗaya, kada ku murɗa ƙugu da kaya a hannu.